Lamba Ɗaya, Maza 44: Waiwaye Kan Jaruntakar Ƙananan Sojoji

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In haka abin yake a wajen rufin ɗaki, to ina ga fagen fama, inda bayan ikon Allah ran mutum yake a hannun na kusa da shi? Amma duk da haka, idan ƙura ta lafa aka zo rabon yabo, sai a ga mutum ɗaya tak aka kira gaba aka maƙala wa lamba a ƙirji, sauran kuwa a dunƙule su a ce "da mutanensa". Abin da muke so mu duba a wannan ɗan rubutu shi ne tarihin lambar yabo mafi daraja ta sojan Ingila, wadda suke kira Victoria Cross, da yadda ta shafi ƙasarmu. Dalili kuwa shi ne, kakanninmu sun yi wa Ingila aikin soja na kusan shekara 100, daga 1863 zuwa 1960, kuma a kan rundunar Kano ma an taɓa cin wannan lamba. Za mu ga wanda aka ba, mu ga waɗanda aka tsallake, sannan mu nemi dalili.

Asalin Lambar

Kafin Yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suka gwabza da Rasha daga 1853 zuwa 1856, manyan lambobin girma na Ingila na manyan hafsoshi ne. Amma a wannan yaƙi 'yan jarida sun bi sojoji har bakin daga, suna aiko da labarin irin wuyar da farabiti da kofur suke sha da irin bajintar da suke nunawa, har jama'a suka soma tambayar ina nasu sakamakon. Saboda haka a ranar 29 ga Janairu, 1856, Sarauniya Biktoriya ta sa hannu a dokar da ta kafa sabuwar lamba. Sharaɗinta guda ne, wato fitacciyar jarunta a gaban abokan gaba, ba tare da duban muƙami, ko daɗewa a aiki, ko gidan da mutum ya fito ba.

Da tagulla ake ƙera ta, ba zinariya ko azurfa ba, kuma a bayanta ake zana sunan mai ita da ranar da ya yi aikin. Aikin farko da aka ba da ita dominsa shi ne na Charles Lucas, wani matashin sojan ruwa, wanda a watan Yuni na 1854 ya sunkuci harsashin igwa da ya faɗo cikin jirginsu yana hayaƙi, ya jefa shi cikin teku kafin ya fashe. Daga wancan lokaci zuwa yau sau 1,358 aka ba da ita, 628 daga ciki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma mutum uku ne kacal suka taɓa samunta sau biyu.

Akwai wani sashe na dokar da ya kamata mai karatu ya riƙe. An tanadi cewa idan ƙungiyar sojoji ta yi bajinta baki ɗaya, har aka rasa wanda za a fifita, to su da kansu za su zaɓi waɗanda za a ba daga cikinsu, hafsoshi su zaɓi nasu, ƙananan sojoji su zaɓi nasu. An yi amfani da wannan sashe a Indiya a 1857, an kuma yi a Galifoli ta ƙasar Turkiyya a 1915. Ke nan tun farko masu dokar sun san cewa sau da yawa jarunta aikin gayya ce.

Daga Bebeji Zuwa Kwatarkwashi

Mu da muke zaune a nan Garun Malam da Kura da Bunkure, wannan labari ta ƙofar gidanmu ya bi, tun shekara 70 da ɗoriya kafin ruwan Tiga ya mai da wannan yanki ƙasar shinkafa da alkama da tumatir. A ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya taso daga Zariya ya nufo Kano da hafsoshi Turawa 24, da ƙananan sojoji baƙar fata 722, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Gari na farko da ya rufe musu ƙofa shi ne Bebeji da ke maƙwabtaka da mu. Suka saita igwa suka harbi ƙofar, harsashin ya kashe mai garin da wasu daga cikin manyan mutanensa. Daga nan suka wuce, ranar 3 ga Fabrairu suka fasa ganuwar Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya ƙi gudu, ya ja daga a gidan sarki har aka kashe shi.

A lokacin Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da hakimansa da dawakai masu yawa domin yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. A hanyarsu ta dawowa labarin faɗuwar Kano ya riske su, sai kai ya rabu. Sarki Alu ya bar rundunar da dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Wambai Abbas ya ɗebi wani kaso na jama'a ya komo Kano, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu kuwa, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya zaɓi ya fuskanci Nasara.

A ƙarshen watan Fabrairu, a yankin Kwatarkwashi da ke Jihar Zamfara ta yanzu, rundunar Waziri ta yi kiciɓis da wasu 'yan sintiri na sojan doki ƙarƙashin Laftana Wallace Wright. Bisa ga sanarwar da gwamnatin Ingila ta buga daga baya, Wright yana tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, Kanawa kuwa an ƙiyasta su da mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Sojojin suka sauka daga dawakai suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ta fuskoki huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Mahayan Kano suka yi ta kawo sukuwa da takobi da mashi cikin ruwan harsashi, in an kore su su sake ɗaura ɗamara su dawo, har na tsawon awa biyu. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi tare da manyan mutane da dama, abin da ya sa har gobe Kanawa suke kiransa Mai Shahada.

A watan Satumba na wannan shekara aka ba Wright lambar Biktoriya. Ya ci gaba da aiki har ya kai birgediya, ya zama ɗan majalisar dokokin Ingila, ya mutu a 1953. Ba mu ce matsoraci ba ne, domin wanda ya tsaya a gaban doki dubu bai juya ba ya cancanci a kira shi namiji. Tambayar ita ce, wa ya riƙe bindigogin? Irin wannan tsayuwa, da mutum uku ko huɗu sun firgita sun buɗe kafa, da dawakai sun kutsa an gama da kowa cikin ƙiftawar ido. Amma a sanarwar, sunan mutum ɗaya aka ɗaukaka, su kuwa aka kira su da adadi.

Su Wane Ne Waɗannan Sojoji?

Asalin wannan runduna yana komawa ga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, mafi yawansu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda galibin sojojinta na farko Hausawa ne da Yarabawa, tare da Nufawa da Barebari da sauran ƙabilu. Da Hausa ake ba da umarni a bariki, har ya zama dole hafsa Bature ya koye ta.

Wannan shi ne abin da ya sa labarin yake da ɗaci. Waɗanda suka tsaya a bayan Wright da waɗanda suka kawo musu sukuwa, da yawansu harshe ɗaya suke yi, alƙibla ɗaya suke kallo. Wani talauci ne ya kai shi soja, wani gudun bauta, wani kuwa haushin abin da aka yi wa garinsu a hare-haren neman bayi. Ba aikin mai tarihi ba ne ya wanke su, ko ya tsine musu. Aikinsa shi ne ya san su, ya fahimci abin da ya sa ɗan talaka ya ga gara ya bi baƙo da ya bi sarkinsa.

Kwatarkwashi ba ita kaɗai ba ce. A Yaƙin Asante na 1900, Saje John Mackenzie da Kyaftin Charles Melliss sun sami wannan lamba suna jagorantar sojojin Afirka ta Yamma. A Kamaru, ranar 17 ga Nuwamba, 1914, Laftana John Butler ya kutsa cikin kurmi da sojojin Gwalkwas 13, suka far wa sojojin Jamus kimanin 100, suka ƙwace musu bindiga mai ruwa. Shi ma ya samu. Ke nan Turawa huɗu sun ci lambar a gaban sojojin wannan runduna, amma daga kafa ta har zuwa rushe ta a 1960, babu baƙin soja ko ɗaya daga cikinta da aka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da aka yi musu shi ne, a farkon ƙarni na 20 aka ware wa sojojin Afirka tasu lambar ta kyakkyawan aiki a fagen fama, wadda darajarta ba ta kai ta Biktoriya ba.

Baƙar Fata da Musulmi da Suka Samu

Kada mai karatu ya ɗauka baƙin mutum bai taɓa samun wannan lamba ba. A nan Afirka ta Yamma ma an ba biyu, sai dai dukansu daga tsibiran Karebiyan aka kawo su, jikokin bayin da aka kwasa daga nan. Ranar 30 ga Yuni, 1866, a Tubab Kolon da ke bakin Kogin Gambiya, farabiti Samuel Hodge ya ɗauki gatari ya sassare shingen garin ana harbinsa, har ya buɗe wa 'yan'uwansa hanya. Ranar 13 ga Maris, 1892, a Toniataba, ita ma a Gambiya, William Gordon ɗan Jamaika ya ga bakunan bindigogi sun leƙo daga katanga, sai ya ture hafsansa ya tare harsashin da ƙirjinsa, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa. Su kam ana lissafa rundunarsu cikin ainihin sojan Ingila.

Sojojin Indiya kuwa sai a 1911 aka buɗe musu ƙofa. Na farkonsu shi ne Khudadad Khan, Musulmi ɗan wani ƙauye a Punjab. Ranar 31 ga Oktoba, 1914, a Hollebeke ta ƙasar Beljiyam, Jamusawa suka kashe duk abokan aikinsa a kan bindiga mai ruwa, shi kuma ya ci gaba da harbi da rauni a jikinsa, har suka iso suka bar shi a kan ya mutu. Da dare ya yi, ya ja ciki ya koma wurin mutanensa. Ya rayu har 1971 a Pakistan.

Kamaru, Habasha da Bama

To ko namu ba su yi abin a-zo-a-gani ba ne? Tarihi bai nuna haka ba. Sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, a Togo cikin watan Agusta na 1914, kuma ya gama yaƙin da lambobin jarunta biyu daga Afirka ta Gabas.

Ga kuma Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja ne a wajen Jamusawa a Kamaru, inda ake ruwaito cewa sun ba shi lambarsu ta jarunta saboda faɗan Garwa. Bayan Ingilishi sun kama shi, ya shiga rundunar Nijeriya a 1917, ya kai samanjan bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya sami lambobi daga Ingila, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja, garin da Sarki Alu ya ƙare rayuwarsa, sunansa yake amsawa.

A 1941 birged ta 23 ta sojojin Nijeriya ta shiga Mogadishu, ta kori Italiyawa har Jijiga a Habasha, tafiyar sama da mil 700 cikin ƙasa da mako uku. Daga 1943 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, kimanin mutum 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. A kwarin Kogin Kaladan babu hanyar mota, sai da suka sare daji suka yi ta da adda da diga. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jeho musu, sannan dubban sojoji 'yan dako, waɗanda ba a ba su bindiga ba, su ɗora a ka su bi duwatsu da su. Bataliyoyi uku na Nijeriya kuma an sauke su a bayan layin Japanawa tare da rundunar Chindit a 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka ci garin Myohaung. Duk wanda ya ji sunayen barikoki irin su Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu a Ikko, ko Dalet a Kaduna, ko Chindit a Zariya, to daga can aka samo su.

A tsaunukan Tamandu ɗin nan, ranar 5 ga Maris, 1945, wani farabiti ɗan Gurka daga Nepal mai suna Bhanbhagta Gurung ya fatattaki Japanawa daga ramukan tsaro biyar shi kaɗai, aka ba shi lambar Biktoriya, kuma ya cancance ta. Namu suna cikin wannan daji a wannan wata, suna fama da maƙiyi guda da zazzaɓi guda. Sun sami ƙananan lambobi da dama, amma babbar ba ta zo ba.

Wanda Yake Riƙe da Alƙalami

A ganinmu amsar tana cikin yadda ake ba da lambar. Ba a fagen fama ake ba da ita ba, a kan takarda ake ba da ita. Sai hafsa ya rubuta abin da ya faru, shaidu su sa hannu, takardar ta bi manya ɗaya bayan ɗaya har London, kuma kowane mataki yana da ikon rage darajar yabon. A rundunarmu kuwa duk hafsoshin Turawa ne, domin sai a 1942 aka sami baƙin hafsa na farko, Seth Anthony na Gwalkwas. Mai rubutu shi ne mai shaida, shi ne kuma mai auna abin da ya gani da ma'aunin zamanin mulkin mallaka, wanda yake ɗaukar bajintar baƙin soja a matsayin biyayya ga ubangidansa kawai.

Ko a kabari ma bambancin ya bi su. A watan Afrilu na 2021, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har Ministan Tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa.

Sai dai kafin mu ɗora wa Bature laifin duka, mu dubi namu. Mu ma muna da hanyoyin karrama jarumi, wato kirari da waƙa da sarauta da laƙabi. Mun riƙe sunan Waziri Ahmadu da na Sarkin Shanu, mun riƙe na Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Amma 'yan baka da dakaru da bayin da suka bi su a ƙasa, da mutanen da suka mutu a ƙofar Bebeji, su ma a dunƙule muke ambatonsu. Maroƙi sarki yake wa kirari, kamar yadda hafsa yake rubuta sunan hafsa. Ko Malam Sa'adu Zungur, da ya yi wa sojojin da suka dawo daga yaƙi waƙar Maraba da Soja, runduna ya yi wa maraba baki ɗaya.

Akwai wani misali da ke nuna amfanin rubutu. Isaac Fadoyebo, wani ƙaramin soja Bayarabe daga ƙasar Owo, an harbe shi a bakin Kaladan a watan Maris na 1944. Wani manomi Musulmi ya ɓoye shi da abokinsa ɗan Saliyo na tsawon watanni, yana ciyar da su, alhali da Japanawa sun gane da sun hallaka shi da iyalinsa. Fadoyebo bai sami lambar Biktoriya ba, amma da ya dawo gida ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, aka buga a 1999. Saboda wannan ɗan littafi, duniya ta san shi, ta kuma san manomin da ya cece shi.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne namu aikin, mu masu riƙe da alƙalami a yau. Mazan Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, kuma a gidaje da yawa akwai littafin sallama da lambobi a ƙasan adaka, ɗauke da lambar soja da bataliya da shekara. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tsufa, amma ana samunsu a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, haka waɗanda suka je Laberiya da Saliyo daga 1990. Ga ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji, ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ga Gidan Makama a Kano. Marubucin da ya je da littafi da biro ya tambayi suna da gari da abin da mutum ya gani, ya rubuta yadda aka faɗa masa ba ƙari ba ragi, zai samo abin da zai ishe shi labari da waƙa da wasan kwaikwayo.

Kuma abin bai wuce ba. Ranar 4 ga Nuwamba, 2016, aka kashe Laftana Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori ta Jihar Barno, ƙasa duka ta yi jimaminsa, kuma ya cancanci haka. Amma ba shi kaɗai ya faɗi a wannan dare ba, akwai ƙananan sojoji tare da shi. Mu nawa ne za mu iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikinsu? Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba. Alhali kuwa kowane soja an raɗa masa suna ranar bakwai, yana da uwa, yana da gari. Idan har ya zama wanda ba a sani ba, to wani ne bai rubuta ba.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.